Satatik da kwamfutar da ta ƙi tashi bayan ka gama haɗa ta

Duk wanda zai fara haɗa kwamfuta da hannunsa, abin da ake fara tsorata shi da shi shi ne satatik, wato lantarkin nan da jikin mutum yake tarawa shi bai ma sani ba, wanda wani lokacin kana kai hannu zaka kama marikin ƙofa na ƙarfe sai kaji tas! a ɗan yatsa. Gaskiya ne yana kashe kaya, wannan ba musu, amma a ganina tsoron da ake masa ya fi ɓarnarsa yawa, kuma kare kai daga shi abu ne mai sauƙi. Inda matsalar take shi ne mutum ya gama haɗi ya danna botin yaga shiru sai kawai ya yanke hukunci wai satatik ya ƙona masa madabod, wato babban farantin da duk kayan kwamfuta suke zama a kai, alhali kebul ɗaya ne bai zauna ba.

Bari mu fara da shi satatik ɗin dai. Jikin mutum baya jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3000, kuma in kana tafiya a kan kafet lokacin da iska ta bushe ƙamas zaka iya tara har bolt 35,000 a jikinka, amma in akwai laima sosai a iskar wannan tafiyar dai bata wuce wajen 1,500. Kar lambar ta firgita ka, wutar da take gudana kaɗan ce ƙwarai kuma cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba ta wuce, shi yasa kai bata maka komai. Su kuma ƙananan taransistocin da ke cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, abin da ya raba tsakaninsu ya fi silin gashi siranta sau dubbai, wasu kayan ƙasa da bolt 100 ma ya isa ya huda su. Kaga kenan zaka iya lalata abu baka ji komai ba, baka ga tartsatsi ba, babu ƙauri babu hayaƙi.

To me yasa kake ganin mutane suna damƙar RAM yadda suka ga dama kuma yana aiki? Saboda kamfanoni suna saka kariya a bakin ƙafafun kayan, mafi yawan lokaci ita take shanye bugun. Amma kariyar tana da iyaka, kuma ɓarnar satatik ba kullum take kashe abu nan take ba, wani sa'in raunata shi kawai take yi, yayi ta aiki lafiya sai bayan watanni ya fara iskanci, yau ya maƙale gobe ya kashe kansa, kuma babu yadda zakayi ka gano daga ina abin ya samo asali. Wannan nau'in ne ya fi ban haushi, dan shi ne ma ake ɗaukar matakin tun farko.

Ka'idar guda ɗaya ce. Lantarki yana tsalle ne in akwai bambanci tsakanin abu biyu, kamar yadda ruwa yake gangarowa daga tudu zuwa kwari, in ƙasa ta daidaita ba inda zai je. Dan haka abin da kake nema shi ne kai da kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, da kayan da kake taɓawa ku zama a mataki ɗaya. Da ka riƙe wannan sauran duk zaka iya ganewa da kanka.

Nemi tebur na katako ko wani waje mai tauri, kar kayi a kan gado ko kan kujera mai laushi ko a ƙasa kan kafet. In ɗakin kafet ne ka cire safa ka tsaya da ƙafa haka nan, kuma ka daina zirga-zirga, ka tara duk abin da zaka buƙata a gabanka kafin ka fara. Rigar auduga ta fi, suwaita ta ulu da kayan nailon da foliyesta su ne uwayen tara caji. Lokacin sanyi da iska take bushewa, ko ɗakin da AC yake ta aiki, sai ka ƙara kula. Kyanwa in kana da ita a fitar da ita. Kuma kar ka kusanto da injin zuƙe ƙura cikin kes, bakin robar nan yana tara caji sosai.

Igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ita ce hanya mafi sauƙi, ƙarfen cikinta ya taɓa fatarka kai tsaye, ba a kan hannun riga ba, sannan ka maƙala bakinta a jikin kes inda ƙarfe yake tsirara babu fenti, dan in ka maƙala kan fenti kusan kwalliya kawai kayi. A cikin wayarta akwai resista mai megaom 1, aikinsa ya sa cajin ya sauka a hankali kuma ya kare ka in tsautsayi yasa ka taɓa wuta, shi yasa bana son dabarar nan ta mutum ya naɗe wayar tagulla a hannu ya ɗaure a ƙarfe yace ai duk ɗaya ne, ba ɗaya bane wallahi. Akwai kuma wata da ake sayarwa wai marar waya, wannan ka bar musu kayansu, cajin ta ina zai bi ya fita?

In baka da igiyar ba sai ka fasa aikin ba. Ka ɗaura PSU, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, a jikin kes, ka jona shi a soket amma makunnin bayansa ya kasance a kashe, gefen da aka rubuta 0. A haka wuta bata shiga amma wayar at, wadda take sauke wuta zuwa ƙasa, tana nan a haɗe, sai ka dinga taɓa ƙarfen kes ɗin duk lokacin da zaka ɗauki wani abu, da duk lokacin da ka tashi ka dawo. In soket ɗinka ba shi da at ko baka yarda da wayarin ɗin gidan ba, zare filogin gaba ɗaya ka ci gaba da taɓa kes ɗin, ko ba komai kai da shi kun daidaita.

Ledojin da kayan suke zuwa a ciki ma kala biyu ne kuma mutane suna haɗa su. Mai ruwan azurfa mai ɗan ƙyalli tana da ƙarfe siriri a jikinta, tana tare caji daga waje ya kasa kaiwa ga abin da ke ciki. Mai ruwan hoda ita bata tara caji ne kawai, amma bata tare na waje. Kariyar tana aiki ne in kayan yana CIKI. Kar ka shimfiɗa mai azurfar ka ɗora madabod a kai ka kunna, ɗora shi kan kwalinsa ya fi. Kowane abu ya zauna a ledarsa har sai lokacin saka shi yayi, in ka ciro ka riƙe shi ta gefe-gefe, haƙoran zinaren nan na RAM da katin hoto, wato katin da ke fitar da hoto zuwa allo, kar yatsa ya kai wurin, ko ba satatik ma maiƙon hannu kaɗai matsala ne.

Abin da ni na fi ji wa tsoro sama da satatik shi ne fil ɗin soket, wato ƴan allurorin da ke haɗa firosesa da gurbin da take zama a madabod. Intel tun soket ɗinsu na LGA775 a 2004 suka mayar da fil ɗin cikin soket na madabod, AMD kuma suka bi sahu a 2022 da AM5 mai fil 1718, shi kuwa AM4 fil ɗinsa 1331 a jikin firosesar suke. Waɗannan ƙananan fil ɗin ko sukundireba ce ta suɓuce ta faɗa kansu an gama. Ka duba ɗan alamar kusurwa uku da ke gefen firosesa ka daidaita da na soket, ka ajiye ta a hankali ta zauna da kanta, in bata zauna ba ɗaga ka sake dubawa, ba a dannawa.

Yanzu ga shawarar da zata rage maka rabin wahala: kar ka saka madabod a kes tukuna. Ɗora madabod kan kwalinsa, saka firosesa da fankarta, RAM guda ɗaya, katin hoto in firosesar bata da nata, jona babban kebul mai fil 24 da na firosesa mai fil 8, jona monita. Tunda babu botin, nemo fil biyun da aka rubuta PWR_SW ko PW a ƙasan bod ɗin ka taɓa su tare da bakin sukundireba na sakan ɗaya, wutar wurin kaɗan ce bazata ja ka ba, ka dai tabbata waɗannan biyun kawai ka taɓa. In tambarin kamfani ya fito ko ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ke zuwa kafin Windows, shikenan ka san manyan kayanka lafiyarsu ƙalau, duk abin da ya biyo baya daga wajen sakawa a kes ne. Mutane suna ƙyuyar wannan matakin, sai sun ɗaure noti sun jera wayoyi tsaf sun ɗaɗɗaure su sannan abu ya ƙi tashi a dawo ana warwarewa.

Kuma kunnawar farko tana son haƙuri, musamman in RAM ɗin nau'in DDR5 ne a kan bod mai soket AM5. Bod ɗin yana gwada RAM ɗin ne yana nemo saitin da zai zauna, allo baƙi, fanka tana juyawa, wani lokacin ya kashe kansa ya sake tashi, abin zai iya ɗaukar mintuna, in RAM ɗin mai yawa ne ya fi daɗewa. Ka bashi kamar minti biyar kafin ka fara zargi.

Wajen sakawa a kes ka kula da ƴan ƙafafun tagullan nan da bod yake zama a kansu. Cikakken bod na ATX yawanci tara yake ci, ka ƙirga ramukan bod ɗinka ka tabbata kowace ƙafa tana ƙarƙashin rami, in akwai guda ɗaya da ta rage a inda babu rami zata dinga gogar bayan bod ɗin tayi shot, wato wuta ta bi inda bai kamata ba. Alamarta sananniya ce, a kan kwali yana tashi, a cikin kes ya ƙi. Haka farantin bayan nan da ramukan USB suke leƙowa ta cikinsa, yana da wasu ƴan harsuna na ƙarfe da suke son kutsawa cikin ramin HDMI ko na intanet, leƙa ka gani kafin ka ɗaure noti.

To a ce ka danna botin shiru kake ji, ko fanka bata motsa ba. Kafin ka taɓa komai a ciki, kashe makunnin bayan PSU ka danne botin ɗin kunnawa na ƴan sakanni wutar da ta rage ta fita, wannan ya zame maka ɗabi'a duk lokacin da zaka cire ko saka wani abu, saboda ko kwamfuta a kashe take in makunnin baya yana kunne akwai bolt 5 da ke yawo a bod. Sai ka fara daga abin da ya fi kama da raini: soket ɗin bango yana da wuta? makunnin baya yana kan 1? kebul mai fil 24 ya shiga har maƙallinsa yayi ƙas? Wannan kebul ɗin yana da tauri, sau da yawa gefe ɗaya ya zauna ɗayan yana sama kaɗan, ka tallafi bod ɗin ka danna. Bayan nan wayar botin, ƴar ƙaramar nan mai ramuka biyu, ka buɗe littafin bod ɗin ka gani ko a kan fil ɗin da ya dace take, ita bata da gaba ko baya, na fitilu ne suke da + da -. In kayi dabarar sukundireba ya tashi to botin ɗin kes ne ko wayarsa.

In har yanzu shiru, gwada PSU ɗin shi kaɗai. Zare shi daga komai, lanƙwasa kilif ɗin takarda ka haɗa fil na 16 a kebul mai 24, wanda wayarsa kore ce, da kowace baƙar waya, sannan ka kunna makunnin. In wayoyin duk baƙaƙe ne kar kayi canke, nemo zanen fil ɗin ka ƙirga, wasu PSU ɗin ma suna zuwa da ɗan abin gwajin a kwali. Fankarsa ta juya alama ce yana da rai, sai dai wasu na zamani fankarsu bata juyawa sai sunyi zafi, dan haka in kana da mitar gwada wuta auna: layin bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3 kuma kusa da haka, an yarda da kaucewar kashi 5 cikin ɗari. Buɗe cikin PSU kuwa babu shi a lissafi, kafasitocin ciki suna riƙe wutar da zata iya kashe mutum ko bayan an zare filogi.

Wani gargaɗi da ya fi na satatik muhimmanci nesa ba kusa ba: PSU ɗin da wayoyinsa ake cirewa a mayar, kar ka taɓa amfani da wayar wani PSU a jikinsa ko da ta shiga daidai. Bakin da ke shiga bod iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga PSU kowane kamfani da tsarinsa, wani lokacin ma kamfani ɗaya samfuri biyu su bambanta. Bolt 12 ya bi inda 5 ya kamata ya bi, nan take SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, da duk abin da ke kan wayar su tafi.

Matsalar da ta fi yawa ita ce fanka tana juyawa, fitilu suna ci, amma allo baƙi ƙirin. Fara da bayan kes: in ka saka katin hoto, kebul ɗin monita a jikin katin zai shiga, ba a ramin madabod na sama ba. In kuma babu kati, ka tabbata firosesarka tana iya fitar da hoto, na Intel masu F a ƙarshen suna basa yi, Ryzen na AM4 kuma in ba masu G ba yawancinsu sai da kati. Duba monitar ma ko tana kan HDMI ɗin da ka jona. Daga nan sai RAM, shi ne babban wanda ake zargi. Cire duka, saka guda ɗaya a rami na biyu daga wajen firosesa, wanda ake rubuta A2, danna gefe biyun da ƙarfi fiye da yadda zuciyarka take so har maƙallin ya rufe da kansa. In ka kalle shi daga gefe kaga zinare yana leƙowa to bai shiga ba. Bai tashi ba? canza ɗaya RAM ɗin a rami ɗaya, sannan ka canza rami. In biyu zaka saka a bod mai rami huɗu yawanci A2 da B2 ne. Sai kebul ɗin firosesa mai fil 8 da ke can saman bod a lungu, ana yawan mantawa da shi, kuma kar ka haɗa shi da na katin hoto, na firosesa yana rabuwa 4 da 4, na kati 6 da 2. Sabbin katunan masu kebul mai fil 16 kuma a tura shi har ƙarshe, babu ko ɗan tsaga, in ya zauna rabi zafi yake yi har ya narke.

Bod da yawa yanzu suna da ƴan fitilu huɗu a gefen dama, CPU ta firosesa, DRAM ta RAM, VGA ta katin hoto, sai BOOT. Suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya lokacin tashi, wadda ta tsaya a kunne nan aka maƙale. BOOT ba abin damuwa bace in baka saka Windows ba tukuna, cewa take bata ga abin da zata tashi da shi ba. DRAM kuma ba kullum laifin RAM bane, saboda abin da ke sarrafa RAM a cikin firosesa yake, fil ɗaya da ya lanƙwashe a soket ko fankar da aka ɗaure gefe ɗaya ya fi matsewa zai iya kunna ta, sassauta notin ka sake ɗaurewa a gicciye kaɗan-kaɗan. In fitilar CPU ce ta tsaya kuma firosesar ta fi bod ɗin sabunta, to BIOS ne ya tsufa, kamar bod ɗin B450 da firosesar Ryzen 5000 ko bod ɗin Z690 da Intel zubi na 13. Bod mai botin ɗin BIOS Flashback a baya zaka iya sabunta shi da filash ko babu firosesa a kai, ka bi littafin wajen sunan fayil da ramin USB ɗin da aka ware, kuma kar wuta ta yanke ana cikin yi.

Goge saitin BIOS ma yana tada matattu da yawa. Zare filogi, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka barshi ƴan mintuna ka mayar, ko ka haɗa fil biyun da aka rubuta CLR_CMOS. Duk abin nan fa abu ɗaya zaka dinga canzawa sannan ka gwada, in ka canza uku lokaci guda ya tashi bazaka san wanne ne ba, in ya dawo gobe ka koma farko.

Wadda take tashi ta mutu bayan ɗan lokaci kuma zafi ne sai in an tabbatar ba shi ba. Ƙasan ƙarfen da ke zama kan firosesa yana zuwa da wata leda garai-garai a manne, in baka ɓare ta ba zafin ba inda zai je. Shiga BIOS ka kalli ma'aunin zafi, in kana zaune baka komai yana ta hawa yana neman 90 kashe ka cire fankar, goge tsohon man ɗauke zafi da ke tsakanin firosesa da ƙarfen ka saka sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka tabbata wayar fankar tana kan CPU_FAN. A AM4 ka ɗan murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga, in ka fizge ta kai tsaye tana iya tahowa da firosesar a manne.

In kuma Windows ya hau amma sai shuɗin allo yake ta fitowa, musamman mai rubutun MEMORY_MANAGEMENT, kashe XMP ko EXPO, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a BIOS RAM ya koma gudunsa na asali ka gani. Sannan ka saka MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash ka barshi yayi zagaye huɗu, kuskure ko ɗaya ne ba a yafewa. In sai kana cikin gem mai nauyi take ɗaukewa ɗif kamar an zare filogi, PSU ne ya gaza ko wayar kati bata zauna ba. SSD ɗin da ya ƙi bayyana kuma duba littafi, a wasu bod ɗin in ka cika wani ramin M.2, inda ƙaramin SSD yake zama, wasu ramukan SATA, inda ake jona SSD mai waya, suna mutuwa.

Sai ka bi duk wannan, a kan kwali, da RAM ɗaya, da PSU ɗin da ka auna, da BIOS ɗin da aka goge, sannan zaka iya cewa wani abu ya mutu, kuma hanyar tabbatarwa ita ce musanya: ka ari RAM ko kati ko PSU mai aiki ka saka a naka, ka kai naka a gwada a wata kwamfutar. Ko a nan ɗin ma babu mai iya ce maka satatik ne ko daga kamfani ya zo a mace, da ido ba a ganewa. Abin da ya rage shi ne mayarwa a canza maka, shi yasa kar ka yar da kwali da leda da rasit har sai kwamfutar tayi ƴan makonni tana aiki, musamman baƙin murfin robar nan da ya fita daga soket lokacin da ka saka firosesa, akwai kamfanonin da basa karɓar bod in ba a mayar masa da shi ba.